Saƙonni Ba Gaisuwa

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki, bayan damanar da ta ɗauke a lokacin da gero ke shirin fitar da kai, ina aiki a biron wata ƙungiyar agaji a Yamai. Ɗakina yana can baya, ba shi da taga, amma shi kaɗai ne mai kilim, wato abin sanyaya ɗaki, da ba a kashewa. Ba don ni aka sa shi ba, an sa shi ne don na'urar da ke riƙe da saƙonnin ƙungiya, wadda ba ta jure zafi. Ni dai na ci albarkacinta. Da rana ta take, sai ka ga mutanen da ba su taɓa damuwa da ordinatar, wato kwamfuta, ba sun leƙo da tambayar da ba ta da kai, su jingina da ƙofa har gumi ya bushe, sannan su ce to Allah ya ba da sa'a su fita.

Babban aikina shi ne abin da muke kira lis. Adireshi ne guda ɗaya, in ka aika masa saƙo duk wanda ke cikin ƙungiya zai samu: na Yamai, na Maradi, na Damagaram, da waɗanda ke can daji a wuraren da ake auna yara ana ba su abinci. Kafin juyin mulki lis ɗin ba shi da hayaniya, domin ba a son ganin kalmar yunwa a rubuce, kowa sai ya kewaya ya ce abinci ya ɗan yi ƙasa. Da sojoji suka fito suka ce yunwa ce, sai bakin kowa ya buɗe. Saƙonni suka riƙa zubowa tun safe, na hatsi, na motoci, na dabbobin da ke faɗuwa a hanyar rijiya.

Akwai shafi mai maɓallai masu kyau da aka yi don gyara tsarin lis, amma da irin layin da muke da shi, kafin ya buɗe ka gama shayi. Don haka na bar shi. Ina buɗe baƙin allo ne, wanda ba komai a kansa sai wata 'yar alama tana ƙifta ido, in rubuta umarni layi ɗaya, na'ura ta zubo mini dukan tsarin a rubuce. In nemi wurin da nake so, in canza sifili ya koma ɗaya ko ɗaya ya koma sifili, in mayar mata. Ta nan na ƙayyade girman saƙo, bayan wani ya aiko da hotunan bikin ƙanensa ya toshe layin Damagaram yini guda. Ta nan na sa amsa ta riƙa zuwa ga kowa, ba ga wanda ya yi tambaya kaɗai ba. Ta nan kuma na tsara wa mutanen daji ƙunshi: maimakon saƙonni su riƙa shigar musu ɗai-ɗai, na'ura ta tara na yini duka ta ɗaure su wuri guda, ta aika musu da yamma, lokacin da suke tada gurup, injin ba da wuta, su sami kuran na ɗan lokaci.

Abu ɗaya ne na kasa gyarawa, shi ne gaisuwa. Mutanenmu ba sa shiga magana kai tsaye ko da wuta ce ta kama. Gwanin kowa a nan shi ne mai magazar Maradi, wani dattijo da ke kula da ma'ajiyar abinci. In zai ce kamiyo, babbar motar kaya, ya tashi, sai ya fara da sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi iyali, ya bi waɗanda ya sani ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ƙafar wannan da idon mahaifin wancan. Maganar kamiyon tana can ƙasa, layi ɗaya. Na taɓa rubuta roƙo cewa a taƙaita gaisuwa saboda masu layi mai rauni. Ya amsa mini da gaisuwar da ta fi ta kullum tsawo, a ƙarshe ya ce ya ji, Allah ya yi mini albarka. Haushi ya kama ni, kuma ban ɓoye ba. Daga nan aka san ni a biro a matsayin yaron unguwar Talaje da ba ya son a gaishe shi.

Cikin masu karɓar ƙunshi akwai wata babbar ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da wurin ciyar da yara a arewacin Damagaram. Majo muke ce mata, kamar yadda ake kiran masu matsayinta. Ita kuma tana ce mini malamin baƙin allo, tana cewa allona ya fi na makarantar allo wahala tun da ba a wanke shi a sha. Mahaifiyarta tsohuwar ungozoma ce, tana cikin matan da suka kafa ƙungiyar, kowa Inna yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Da aka tura Majo daji, sai ta bar 'yarta ƙarama a hannun Inna a gidansu na unguwar Gamkale a nan Yamai, kusa da lambuna. A makon da nake magana yarinyar ta yi zazzaɓi. Na sani ne domin mai magazar Maradi ya sa shi cikin gaisuwarsa, kullum sai ya tambayi jikin ƙaramar.

Wata safiya shugabar ƙungiya, wadda muke kira Madam, ta shigo ɗakina. Ba ta taɓa shigowa ba, ko don sanyi. Ta rufe ƙofa ta tsaya.

"Inna ta rasu da asuba," ta ce.

Na yi salati, na ce Allah ya jiƙanta.

"Amin. Ƙanena, za a yi jana'iza bayan azahar, dole in sanar a lis don mutane su zo. Amma Majo tana cikin lis ɗin. Kawunta zai tashi gobe da kar na farko, motar fasinja ta asuba, shi zai gaya mata da bakinshi. Kafin ya isa, ba ni son ta ga komi. Kana iyawa?"

Ban tambayi dalili ba, domin na san shi tun ina yaro. Ba a jefa wa mutum labarin rasuwar uwarsa daga nesa, yana shi kaɗai cikin baƙi. Babba ne ke zuwa, ya zauna, a ba shi ruwa, ya yi ta zagaye har zuciyar mutum ta fara shiryawa, sannan ya faɗa, kuma yana nan kusa in an faɗi ya tare. Mijinta da 'yan'uwanta sun riga sun yi shawara cewa in ta kira a salula za a ce mata lafiya lau. Wannan ɓangaren sun iya shi, an daɗe ana yi. Lis ne sabon abu, shi ya sa aka zo wurina.

Na faɗa wa Madam hanyoyin da ke akwai. Ina iya tsayar da lis gaba ɗaya, kowane saƙo ya jira sai na duba. Ta ce a'a, ana tsakiyar rabon abinci, in kuran ya ɗauke ina waje saƙonni za su kwana a hanya. Ina iya cire Majo daga ciki, amma na'ura za ta aika mata takardar ban kwana, sai na kashe wannan ma, kuma in an mayar da ita za ta sami ta maraba. Hanya mafi sauƙi ita ce in bar ta a ciki in dakatar da abin da ke zuwar mata. Layi ɗaya ne.

"Yi wannan," Madam ta ce. Sai ta dafa bayan kujerata. "To amma kamiyo fa? Abincin yaranta ya kusa ƙarewa. In ba ta ga saƙon Maradi ba, ba za ta aika a tarbi kayan a bakin hanya ba."

Na ce wannan ma da dabara. Ƙunshin yamma rubutu ne kawai. Zan karɓe shi kafin ya fita, in cire abin da bai kamata ta gani ba, in aika mata sauran da sunan lis, kamar yadda ta saba samu. Madam ta dube ni kamar yau ta fara ganin amfanin kilim ɗin da ake biya. Na rubuta layin a gabanta, sifilin da ke gefen adireshin Majo ya koma ɗaya. Na rufe shafin da ake karanta tsofaffin saƙonni, kada ta leƙa ta can. Sannan Madam ta aika sanarwa, ta ƙara da cewa an rufe wa Majo lis, kowa ya yi ta'aziyyarsa a nan, kada wanda ya kira ta ko ya rubuta mata sai kawunta ya isa.

Na je jana'iza a kan babur. Akwai sojoji a shataletale, sun ajiye mota a inuwa suna kallon masu wucewa, ba su tsayar da kowa ba. An yi salla, an kai Inna, na dawo biro rigata ta manne da bayana. Kogi ya janye sosai a shekarar, daga Gamkale kana hango yashi a tsakiyarsa.

Da na buɗe ƙunshin ranar, na tarar ya ninka na kullum. Wasu saƙonnin ta'aziyya ce zalla, waɗannan na share su ɗungurungum. Sauran na aiki ne, amma babu ko ɗaya da ya fara da aiki. Wa zai rubuta yawan buhunan da suka rage a ranar da Inna ta rasu ba tare da ya ce Allah ya jiƙanta ba? Kuma ta'aziyyar ba a gefe take ba, da za a tsince ta a bar gaisuwa. A cakuɗe suke, ina gajiya da ina haƙuri a layi ɗaya, wasu da Faransanci, 'yan Yamai da Zabarmanci. Sai na ɗauki hanya mai sauƙi. A kowane saƙo na share daga sama har zuwa inda maganar aiki ta fara. Na mai magazar Maradi ya kusa cika allo, da na gama sai ya koma haka: kamiyo zai tashi jibi da safe, a tanadi masu sauke kaya. Na sa na'ura ta bincika mini kalmomin rasuwa da jana'iza da sunan Inna a cikin abin da ya rage, ba ta sami komai ba.

Gaskiya ƙunshin ya yi mini kyau. Gajere ne, kowane layi da aikinsa, irin wanda na daɗe ina roƙo a rubuta. Madam ta zo ta karanta ta bayan kafaɗata, daga farko har ƙarshe, tana neman inda wani abu ya tsere. Ta ce babu, aika. Na aika kafin magariba na tafi gida.

Washegari amsar Majo ta shigo lis. Ta ce an gani, za a tarbi kamiyo. Iyakar abin da ta rubuta ke nan. Na ɗauka aiki ne ya yi mata yawa, har na ji daɗi cewa an sami mutum na biyu mai taƙaita magana. Da yamma na sake yin abin da na yi jiya, wannan karon da sauri, hannuna ya saba. Kawu yana hanya, kar ɗinsu ya tsaya a shingayen bincike, ya kwana a Damagaram, da safe ya sami motar kasuwa zuwa arewa. Da rana Madam ta leƙo ta ce ya isa, an gaya mata, in buɗe. Na mayar da ɗaya ya koma sifili, na buɗe shafin tsofaffin saƙonni. A wurina aiki ya ƙare lafiya.

Da suka iso Yamai na je gaisuwa a Gamkale. Maza muna waje a ƙarƙashin rumfa, mata suna ciki, ban ga Majo ba. Kawun dattijo ne siriri, ɗan kasuwar yadi a Babbar Kasuwa, yana zaune a tsakiya yana ba duk wanda ya zo labarin tafiyarsa.

"Ni dai ban taɓa ganin tawakkali irin na ɗiyar nan ba," ya ce. "Na iske ta zaune, ta ɗaure jakarta, kamar an ce mata ina tafe. Ban gama zagaye ba ta ce, Kawu, faɗi. Na ce Inna ce. Wallahi abin da ya fara fitowa bakinta, alhamdulillahi. Sai daga baya kuka ya zo."

Mutane suka gyaɗa kai, wani ya ce tarbiyyar Inna ce. Ni ma na gyaɗa. Aka yi addu'a, na sha ruwa na tashi.

Bayan an share makoki, kafin ta koma daji, Majo ta zo biro. Da rana ne, lokacin masu neman sanyi, amma da suka gan ta a ƙofata sai suka wuce. Ta rame. Na miƙe na yi mata gaisuwa, ta amsa, ta zauna a kan kwalin takarda da ke gefe, domin kujera ɗaya ce a ɗakin.

"Malamin baƙin allo," ta ce, "kai ka gyara mini ƙunshi?"

Na ce ni ne, da umarnin Madam.

"Na sani. Aikinka ne, ya yi tsabta." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Ina buɗewa na ga baban Maradi ya fara da kamiyo. Mutumin da ko tambayar lokaci zai yi sai ya gaida kakanninka. Na duba na Madam, haka. Na duba na kowa, haka. Na ce to, an yanke kan saƙonnin nan. Kuma abu guda ne zai sa gaisuwar mutane duka ta zama abin da ba a so in gani."

Na ce ban yi tunanin haka ba. Gaskiya ce, bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya.

"Na hau tudun da muke samun rezo na salula na kira gida," ta ci gaba. "Maigidana ya ce lafiya lau. Na ce ba ni Inna, ya ce ta kwanta. Na ce ba ni ɗiyata, ya ce an kai ta Talaje wurin gwaggonta. Ashe da gaske an kai ta, don kada ta ga taron. Amma ni ina zan sani? Na bar ta da zazzaɓi. Kuma kai ba ka ga abin da zazzaɓi ke yi wa yara a can ba, ni kullum a hannuna yake faruwa."

Kilim yana ta ƙara. Alamar nan tana ƙiftawa a allo, ban san inda zan sa idona ba sai a kanta.

"Na san an yi mutuwa, ban san wa ba. Mutum biyu gare ni a gidan nan. Washegari na auna yara tun safe har yamma, duk wadda na ɗora a sikeli sai in ga tsawon tawa. Da yamma ƙunshi ya sake zuwa ba kai. Na ɗaure jakata na zauna." Ta gyara mayafinta. "Ka ji Kawu yana yabona?"

Na ce na ji.

"Yana ta faɗa wa mutane. Da ya ce Inna ce, sanyi na ji, malam. Uwata ta rasu, abin da na fara ji sanyi ne a zuciyata, har bakina ya yi godiya. Ba tawakkali ba ne. Ban gaya wa kowa ba, kai ma don kai ka riƙe almakashin ne."

Na ce Allah ya ba da haƙuri, wanda shi ne abin da ake cewa, na kuma ji ƙanƙantarsa a bakina. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, amma ba ta zo neman tausayi ba.

"Abin da ka yanke yana nan?" ta tambaya.

Na ce yana nan, na'ura ba ta zubar da komai, ƙunshin asali yana ajiye yadda ya zo.

"Buɗe mini. Gaisuwata ce, ban karɓa ba."

Na rubuta layin, rubutu ya cika allo. Na tashi na ba ta kujerar, ni na koma kan kwali. Na mai magazar Maradi ne a farko. Daga inda nake ina iya hango shi, na kuma tuna shi, domin na karanta shi a gurguje ranar da nake neman inda zan fara sharewa. Ya yi sallama, ya tambayi zafi, ya yi wa Inna addu'a mai tsawo. A layi na gaba ya rubuta cewa ya kira Gamkale da safe, an ce masa zazzaɓin ƙaramar ya sauka har ta ci abinci, Allah ya raya ta ya sa ta gaji kakarta. Maganar kamiyo tana ƙasa da wannan kaɗan.

Majo ta sa yatsa a kan allon, a daidai layin, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Sannan ta tambaye ni wane maɓalli ake dannawa a gangara ƙasa, na nuna mata.